Ƙwan da Ban Ajiye a Shagon Hanci Ba

Duk wanda ya taɓa kai batirin mota caji a layin bayan tasha ya san Hanci. Ba sunan yanka ba ne, amma ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Ni ɗan gwaggonsa ne, shi ɗan kawuna, taubasai ke nan, don haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa. Rumfata ta sayar da ƙwai tana tsallaken titi, daidai ƙofar shagonsa. Shekara goma sha ɗaya ina kallonsa kamar talabijin.

Hancin nasa kuwa, Allah ya yi halitta. In zai shiga ɗaki, hancin ne ke fara yin sallama, a ba shi wuri ya zauna, ya sha ruwa, sannan mai shi ya iso. Muna yara, in ruwan sama ya tare mu a hanya, ƙarƙashinsa nake fakewa. Boko bai karɓe mu ba mu biyun. Ni na kai aji huɗu na gudu, shi ya kai biyar aka ce ya je ya huta, kuma har yau yana yi mini gori da wannan aji guda kamar wani digiri.

Da karatu ya ƙi, Kawu ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsoho mai cajin batir da ake kira Ido Ɗaya. Tsohon nan yana saurayi ya ƙyasta ashana don ya leƙa cikin batir ya ga ko ruwa ya ƙare. Bai ga ruwan ba, kuma idon da ya leƙa da shi bai sake ganin komai ba. Ranar farko, kafin ya nuna wa Hanci ko sifana, sai da ya ɗaga fatar mataccen idon ya ce masa, “Duba da kyau, yaro. Wannan shi ne darasin farko, sauran duk ƙari ne.” Hanci ya dawo gida ya kasa cin abinci. A gabana ya rantse wa Kawu cewa shi da idonsa biyu zai shiga kabari.

Rantsuwar nan ita ta riƙe shi shekara ashirin da wani abu. Da ya buɗe nasa shagon, wani ɗan tsukin ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya a baya, sai ya zama kamar alƙali a ciki. Bokiti cike da ruwa ba ya rabuwa da bakin ƙofa, nakan ce na wankin hanci ne. Kafin ya ɗora batir sai ya cire agogonsa ya rataye a ƙusa, ya goge kan batirin, ya sassauta murafun, in ruwa ya yi ƙasa ya ƙara tataccen ruwa na kwalba. Wanda ya ce masa ai na rijiya ma ruwa ne, ranar zai sha wa'azi har la'asar. Jar waya a kan ƙarfen batir mai kauri, baƙa a kan siririn, sai ya tabbata haƙoran wayar sun ciji kan batir da kyau sannan ya taka zuwa bango ya kunna injin caji. In zai cire, bango zai fara zuwa ya kashe injin. Na taɓa ganin ya bi wani direba da tsintsiya har bakin titi saboda ya shigo masa da sigari a baki. Mutumin ya yi biyunsa, amma gudu yake yana ba da haƙuri.

Rigunansa duk ruwan batir ya cinye su, huda nan huda can, in ya tsaya a rana sai ka ce rariya ce ta sa wando. Matarsa, Uwar Biyu, ta gaji da ɗinki ta bar wa Allah.

Amma abin da ya ɗaga shi sama da sauran masu caji shi ne hancin. Batir in ya sha caji ya wuce ƙima, ko wani ɗaki a cikinsa ya mutu, yakan yi zafi, ruwansa ya tafasa, ya riƙa fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A lokacin, iskar da ta taru a kansa tartsatsi ɗaya take jira. Sauran mutane sai warin ya cika ɗaki suke ji. Hanci kuwa batir yana fara tunanin tafasa zai ji. Ya taɓa ajiye kofin shayi a rumfata, ya tsallaka titi a guje, a cikin batir tara ya nuna ɗaya ya ce, “Wannan ne munafukin.” Aka taɓa, ga shi da zafi. Daga ranar direbobi suka ɗauki labarin suka yi gaba da shi, har aka riƙa cewa yana jin warin batirin da ke wani gari. Ni na ƙirƙiro wannan, amma sun yarda.

Surukinsa ya taɓa kawo masa mita, ɗan akwatin nan mai allura da ke nuna ƙarfin batir. Ya yi godiya, ya jefa ta aljihun tebur cikin tsofaffin ƙusoshi. “Mita ta makafin hanci ce,” in ji shi. Kuma akwai abu ɗaya da yake yi wanda Ido Ɗaya bai koya masa ba. In haƙorin waya ya ɗan zame ana cikin caji, maimakon ya taka zuwa bango ya kashe injin, sai ya ja iska sau biyu. In hanci ya ce lafiya, ya miƙa hannu ya gyara masa zama. Sau dubu ya yi, ba abin da ya faru.

To, ni mai ƙwai ne, kuma mai ƙwai ba ya rasa ruɓaɓɓe. Kun ga inda shaiɗan ya shigo. Lokaci-lokaci nakan faki idonsa in fasa guda a bayan bencinsa, in koma rumfa in zauna kamar mutumin kirki. Kafin minti ɗaya za ka ga ya yi tsalle ya kashe injin, yana bin batira ɗaya bayan ɗaya yana shinshina kamar karen farauta. In ya gano ɓawon ƙwai, sai ya fito da sifana a hannu.

“Ɗan Gwaggo! Yau sai na sauke maka wannan kan naka mai kama da tulu!”

“Sannu da aiki, ɗan Kawu. Gwajin injin nake yi maka kyauta.”

Tela, maƙwabcinsa na dama, yakan yi dariya har ya kwanta kan keken ɗinki. Duk layin sun san wasan. In aka ji wari, sai a ce, “Mai Ƙwai ya sake.”

A daminar bara wata muguwar mura ta kwantar da Hanci, da zazzaɓi, sati uku cur. Ya tashi ya rame, hancin ya ƙara fitowa tunda kumatun sun gudu sun bar shi. Uwar Biyu ta ce iskar tagar baya ce ke dukan ƙeyarsa, ta sa ya toshe ta da kwali da leda. Irin tagar da Ido Ɗaya ya ce ko ana ƙanƙara kada a rufe.

Na bar shi ya kwana biyar da dawowa, sannan na ce bari in yi masa barka da tashi. Na zaɓi wani ƙwai da ya kusa wata biyu, wanda in ka girgiza za ka ji yana magana. Na fasa a bayan benci, na koma na zauna.

Minti ɗaya. Minti biyar. Hanci yana zaune a kan bencin nan, ƙwan na bayan diddigensa, yana cin burodi hankali kwance. Ni da ke tsallaken titi idona har ruwa yake. Ƙudaje suka yi gayya suka zo. Sai da wani direba ya shigo ya toshe hanci da hula, sannan na ga Hanci ya kalli fuskar mutumin, ya kalli batira, ya tashi ya kashe injin yana cewa, “Ai na ji, na ji tun ɗazu.”

Dariyar da na tanada ban yi ta ba. Da direban ya tafi na tsallaka.

“Ɗan Kawu, me ka ji tun ɗazu?”

“Iskancinka na ji. Kwashe ƙazantarka ka ba ni wuri.”

Na ɗebo ɓawon ƙwan a takarda na ɓoye a bayana, na ɗauko kwalbar turaren da yake ajiyewa a kan tebur. Na ce ya rufe ido. Ya ce shi ba yaro ba ne. Na ce to zan kira Tela ya zo mu yi gwajin tare. Ya rufe. Na kai masa ƙwan daf da hanci.

“Mene ne wannan?”

Ya ja iska, ya sake ja. “Turare,” ya ce.

Da ya buɗe ido ya ga abin da ke hannuna, sai ya zauna a hankali kamar tsoho. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da muka binne Kawu.

“Tun da na tashi,” ya ce. “Ba turare, ba hayaƙi, ba girkin Uwar Biyu. Abinci kamar ina tauna katifa. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan.”

“To ka fito da mitar nan mana. Ka buɗe taga. Ka gaya wa Tela ya riƙa taya ka ji.”

“In gaya wa Tela? Kafin azahar duk tasha ta ji. Kai ka san me ya sa suke wuce shago huɗu su zo nan? Injina ya fi na kowa tsufa. Ɗakina ya fi na kowa ƙunci. Hancin nan suke kawo wa batir, ba ni ba. In suka gan ni da mita a hannu, sun san an yi mutuwa.”

“Idonka fa? Rantsuwar da ka yi wa Kawu?”

“Ina da hannu, ina da kunne. Zan riƙa taɓa su ina jin zafi. Kwana kaɗan ne, zai dawo.” Ya kama hannuna ya matse. “Ka rufa mini asiri, ɗan Gwaggo. Ka yi mini alkawari.”

Ni da ko sirrin kaza ban taɓa riƙewa ya kwana ba, na yi masa alkawari, kuma na riƙe. A duk rayuwata wannan ne sirri ɗaya da ya kamata in fasa, shi ne kuma na riƙe.

Wata guda na yi ina sayar da ƙwai da rabin hankali. Mai sayen goma in ba shi sha biyu, mai sayen kiret in manta in karɓi kiret ɗina. Kullum ina neman dalilin tsallakawa: aron tsintsiya, aron wuƙa, tambayar ƙarfe nawa alhali ga agogo a hannuna. In na shiga sai in ja iska a ɓoye. Shi kuma ya gane, sai ya harare ni. “Ka gama sintirin? Koma wurin 'ya'yan kajinka.” Ƙwai kuwa ban sake ajiye masa ko ɗaya ba.

Ranar wata Laraba da hantsi aka kawo masa wani ƙaton batirin tifa, mutum biyu suka sauke shi suna nishi. Tsoho ne, gefensa har ya ɗan kumbura. Da hancinsa na nan, da ko ɗora shi ba zai yi ba sai ya gama yi masa tambayoyi. Direban yana sauri, ya ce zai dawo bayan azahar. Ni kuma ranar motar ƙwai ta iso, ina ta sauke kiret ina ware fasassu, warinsu ya cika mini hanci, ban tsallaka ba ko sau ɗaya.

Wajen ƙarfe ɗaya Tela ya zo sayen ƙwai, yana dariya tun daga nesa.

“Kai Mai Ƙwai, ba ka da tsoron Allah. Na yau ai ya fi na kullum. Tun sha ɗaya muke shan wari, har mai kawo ɗinki ta gudu. Kuma mutumin naka ya daure, ya ƙi kula ka. Yau ya ci ka wasa.”

“Wane wari?”

“Ka ji shi! Wanda ka ajiye mana.”

Awa biyu duk layin suna jin batir yana tafasa. Mutum goma sha, kowa da lafiyayyen hanci, ba wanda ya leƙa ya ce a duba, saboda na koya musu cewa warin nan wasa ne.

Kiret ɗin da ke hannuna ban san inda ya faɗi ba. Na tsallaka titi, wata mota ta ci burki, direban yana zagin kakannina. Tun daga bakin ƙofa warin ya doke ni. Ɗakin ya yi zafi, tagar a toshe, batirin tifar yana wani ƙara ƙasa-ƙasa kamar tukunya. Hanci ya dawo daga salla ke nan, ya sunkuya a kansa, haƙorin jar wayar ya ɗan zame.

“Kar ka taɓa! Ɗan Kawu, kashe injin! Tafasa yake!”

Ya ɗago ya dube ni, har da ɗan murmushi. Shekara goma sha ɗaya ina yi masa ƙaryar wannan warin. Ga Tela a bayana yana ta dariya, yana zaton ci gaban wasan ne.

“Yau kuma da ihu aka zo? A gaban mutane kake so ka gwada ni?” Ya ja iska sau biyu, yadda ya saba, don Tela ya gani. “Lafiya lau,” ya ce, ya miƙa hannu.

Na sha ƙara gishiri a labari, amma wannan ƙarar ba ta bukatar gishirina. Kwanon rufin ya amsa. Saman batirin ya tashi ya bugi bango, ruwan ya watsu ko'ina. Hanci ya faɗi da baya, hannu biyu a fuska, yana kiran sunan Allah.

Bokitin nan da na shekara ina yi wa dariya, shi na sura. Na ja Hanci waje da ƙafa, na danne shi a ƙasa, ina zuba masa ruwa a fuska. Yana ƙoƙarin murza idon, na buge hannun. “Buɗe! Buɗe idon, don Allah!” Tela ya kashe injin daga bango, ya zo ya riƙe masa fatar ido da yatsunsa na ɗinki. Bokiti ya ƙare, aka miƙo buta, aka miƙo jarka, masu wankin mota suka jawo tiyo. Muka yage rigar daga jikinsa. Mun fi minti ashirin muna zuba ruwa kafin muka sa shi a mota sai asibiti. Likitan ya ce ruwan nan ne ya ceci abin da ya cetu.

Idon hagu ya tsira. Na dama wani ɓallin roba ya yanke shi, ruwan batir ya shiga. An yi aiki, an naɗe, aka ce sai a jira.

Uwar Biyu ta same ni a barandar asibiti. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

“Ka sani?”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Wata guda.”

“Kai da bakinka ba ya rufuwa ko kana barci.” Ta gyara mayafinta. “Ni kuma na sa shi ya toshe taga.” Ta wuce ciki. Har yau in na je gidan tana kawo mini ruwa, tana amsa gaisuwa, amma ta daina dariyar labaraina.

Ranar da aka sallame shi, kafin ya je gida ya ce a kai shi shago. Direbobi suka taru ana jaje. Ya tsaya a bakin ƙofa da bandeji a rabin fuska, ya ce, “Ku saurara. Hancina ya mutu tun damina. Na ɓoye muku, na sa ɗan Gwaggo ya ɓoye. Wanda ya ga zai iya ci gaba da kawo batir, ga shago. Wanda ba zai iya ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.” Sannan ya sa hannu ya fizge kwalin tagar da kansa.

Wasu sun tafi, ba kaɗan ba. Benci mai ɗaukar batir tara yanzu in ya samu huɗu an gode Allah. Mitar ta fito daga cikin ƙusoshi, surukin ya zo ya koya masa karatunta, ya rubuta masa lambobin da manyan baƙaƙe a bango. Yana sa tabarau na roba irin na masu walda, ya sa an fasa taga ta biyu, ya matsar da makunnin injin kusa da benci. Batirin da ya kumbura ko a bakin ƙofa ba ya kwana. Duk rabin awa sai ya bi su da bayan hannu yana jin zafinsu. Tela kuma, ko tusa aka yi a layin sai ya leƙo ya ce a duba batir.

Idon dama an cire bandeji. Yana ganin haske da duhu, in na tsaya a gabansa ya ce yana ganin wani abu mai kama da tulu. Likita ya ce a dawo bayan wata uku, bai yi alkawarin komai ba. Wani lokaci nakan hango shi daga rumfa ya rufe na hagun da tafin hannu, yana kallon titi da ɗayan, ya daɗe a haka. In ya ga ina kallonsa sai ya yi kamar gumi yake sharewa.

Na yi rantsuwa ba ni ba ruɓaɓɓen ƙwai har abada. Shi ya karya mini ita. Wata safiya ya kira ni ya ce, “Kana da wanda ya lalace?”

“Ɗan Kawu, don Allah ka bar maganar nan.”

“Kawo, na ce. A hannuna za ka ba ni, ba a bayan benci ba.”

Yanzu kullum da safe, kafin ya kunna injin, nakan tsallaka da guda a cikin gwangwani mai murfi. Mukan zaga bayan shago, nesa da hancin mutanen layi. Ya buɗe, ya kai hanci, ya ja iska sau biyu. Ni ina gefe ina kawar da kai, hawaye na zubo mini saboda wari.

Yau da safe ma mun yi. Ya daɗe da gwangwanin a hannu fiye da kullum, har na fara sa rai.

“Yaya?” na ce.

Ya mayar da murfin ya miƙo mini. “Babu. Je ka binne shi da nisa.” Ya sa tabaransa, ya ɗauki mita, ya shiga ciki.